Abinci ba nama: ta yaya zai gina jiki?

A ƙauyukan Madarunfa, daga Safo zuwa Gabi, daga Ɗan Isa zuwa Sarkin Yamma, gidaje da yawa suna yin mako guda, wani sa'in wata guda, nama bai shiga tukunya ba. Nama sai ran suna, sai biki, sai salla. Nono ma yana wuya da rani, sa'ad da shanu suka yi nisa. Shi ya sa ake jin mata suna cewa miyar yau lami ce.

To, miya lami za ta iya riƙe jikin manomi, da mai ciki, da yaro? Za ta yi aiki babba, in an san abin da ake haɗawa da wani. Amma akwai abu guda da ba za ta iya bayarwa ba.

A Turai da Amurka akwai mutanen da suka bar cin nama, da kifi, da ƙwai, da nono, har da zuma, ba don rashin kuɗi ba. A shekara ta 1944 wani mutumin Ingila, Donald Watson, da abokansa suka kafa ƙungiya, suka raɗa wa irin wannan ci suna "bigan". A Habasha kuma Kiristoci suna yin azumi mai tsawo, ba nama ba nono, sai dangin wake da ganye. Likitoci sun daɗe suna binciken irin wannan ci. Abin da suka gano zai amfani mutumin Madarunfa, ko da yake shi ba zaɓa ya yi ba.

Duwatsun murhu uku

Tukunya ba ta zama bisa dutse guda. Haka jikin mutum yake. Yana son abinci iri uku. Akwai mai ba da ƙarfi: hatsi, dawa, masara, shinkafa, rogo, mai. Akwai mai gina jiki: wake, gujiya, riɗi, waken soya, nama, nono. Akwai mai kare jiki daga ciwo: ganyaye da ƴaƴan itace.

A gidaje da yawa dutse na farko ne kaɗai yake tsaye. Fura da safe, fura da rana, tuwo da dare. Ciki ya cika, amma jiki bai samu abin gini ba. Babba yana iya jurewa. Yaro ba ya iyawa.

Mutanen jihar Maraɗi ba su manta da shekara ta 2005 ba. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, jihar da ake yi wa kallon rumbun ƙasa. Kuma abincin nan na cikin ƴar leda da aka riƙa ba yaran, wanda mata ke kira biskit, da me aka yi shi? Da niƙaƙƙiyar gujiya, da garin madara, da mai, da sukari, da bitamin. Gujiyar nan dai ita ce ake nomawa a bayan gari.

Wake da hatsi, abokan tafiya

Abin da ke gina tsoka, likitoci suna kiran shi furotin. A cikin giram 100 na hatsi akwai furotin kamar giram 11. A ɗanyen nama akwai kamar 20. A busasshen wake kamar 23, a gujiya kamar 25, a waken soya ya wuce 35. Sai dai in wake ya dahu yana shan ruwa ya kumbura, ludayi guda na dafaffe bai kai ƙarfin ludayi guda na busasshe ba. Don haka ƴan ƙwayoyin wake da ake watsawa cikin shinkafa don ado ba su isa ba.

Furotin kamar ginin ɗaki ne, da tubali iri-iri. Hatsi yana da ƙarancin wani tubali mai suna lizin, wake kuwa yana da shi da yawa. Wake ma yana da nasa ƙarancin, hatsi ya cike masa. In an haɗa su, gini ya tsaya. Awo mai sauƙi shi ne: gwangwani 3 na hatsi ko shinkafa, gwangwani 1 na wake. Kakanni ba su san lizin ba, amma sun bar wa jikoki shinkafa da wake, da kunu da ƙosai, da tubani. Ɗan wake ma yana da kyau, in garin rogo bai rinjayi garin wake ba, kamar yadda wasu masu sayarwa ke yi.

A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan jiƙon. Zai dahu da wuri, icce ba zai ƙare ba, kumburin ciki zai ragu. Ta haka ba sai an cika kanwa ba, don kanwa mai yawa tana kashe bitamin B1 da ke cikin abinci.

Wahalar ita ce, da kaka wake yana fita daga gida. Ƴan kasuwa suna saye da araha su bi da shi hanyar Ɗan Isa da Jibiya. Manomi yana sayarwa don bashi, yana kuma sayarwa don tsoron ƙwari. Tun shekara ta 2007 aka fara kawo buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu guda a waje. In wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowace leda ita kaɗai, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Buhu guda da aka ajiye don tukunyar gida ya fi kuɗin da za a karɓa da kaka a kashe cikin mako.

Awara ita ma abincin gina jiki ce sosai. Ana jiƙa waken soya, a niƙa, a tace, a tafasa ruwan, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a matse a yanka. Ba dole sai an soya ta da mai mai yawa ba. Ana iya jefa ta cikin miya a madadin nama.

Zogala da ƴan'uwanta

A fadamar Gulbin Maraɗi, musamman wajen Jiratawa, ana noman zogala rani da damina, har ana kai ta garuruwa masu nisa. Ganyenta yana da furotin, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Amma yadda ake dafa ta yana rage mata amfani. Akan tafasa ta a ruwa mai yawa, ta daɗe bisa wuta, sa'an nan a zubar da ruwan. Wani sashe na amfanin ya bi ruwan nan. Gara a sa ruwa kaɗan, a rufe tukunya, a sauke da zarar ta yi laushi. Mai shanya ganye kuma ta shanya a inuwa, don rana tana cinye bitamin.

Dambu ya fi kowace hanya. A wanke tsakin hatsi ko na masara, a turara shi cikin madambaci. In ya fara laushi a sauke, a cuɗa shi da zogala, da albasa, da tattasai, a mayar a sake turarawa. Ganyen ya dahu da tururi, ba ruwan da aka zubar. A zuba man gujiya, a barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli da yawa. Kwano guda ke nan, duwatsun murhu uku sun cika. In an sa dafaffen wake a ciki, ya ƙara kyau.

Man nan ba don daɗi kaɗai ake sa shi ba. Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da mai. Rashin shi ne ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani da magariba. Ana samun shi a kabewa, da karas, da dankali mai jan ciki, da mangwaro, da gwanda. Miyar taushe, ta kabewa da gujiya da yakuwa da daddawa, ba ta buƙatar nama kafin ta yi amfani. Rama, tafasa, yaɗiya, lalo da kuka duk suna cikin wannan layi.

Sinadarin ƙarfe na ganye da wake yana da wuyar shiga jini, ba kamar na nama ba. Abu mai bitamin C yana buɗe masa hanya: a matsa lemun tsami cikin kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir, ko a ci gwaba bayan abinci. Shayi kuwa tare masa hanya yake yi. Mai ciki ta bari awa guda ta wuce bayan cin abinci kafin ta sha shayi. A shekara ta 2018 an fito da wani irin hatsi a Nijar mai suna Chakti, wanda ya fi hatsin da aka saba sinadarin ƙarfe. Gishiri kuma a nemi mai iyodi, don shi ke hana maƙoƙo.

Kunun yaro

Daga haihuwa zuwa wata 6, nonon uwa kaɗai. Bayan haka a ci gaba da shayarwa, a ƙara da kunu. Kunu tsararo, mai kama da ruwa, yana cika ɗan cikin yaro a banza. A soya gwangwani 3 na hatsi sama-sama, da 1 na wake da aka cire wa ɓawo, da 1 na gujiya, a niƙa tare, a dama da kauri, a bari ya dahu sosai. In ya yi wa yaro kauri, kada a ƙara ruwa. A barbaɗa ɗan garin tsiron hatsi cikin kunun yana da ɗumi, zai saki da kansa, ƙarfinsa bai ragu ba. Sai a mayar bisa wuta ya sake tafasa.

A tsince gujiya da kyau. Wadda ta yi funfuna, ko ta yanƙwane, ko take ɗaci, tana ɗauke da dafi mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Wasu sukan sayar da mai kyau su bar wa gida ragowar. Wannan ba tattali ba ne.

Kayan zaƙi

Yara suna son zaƙi, ba laifi ba ne. Amma alewar kanti sukari ce da launi kawai. Zaƙin gida ya fi ta nesa.

Jihar Maraɗi gidan aya ce, har ƙasar Sifen ana kai ayar Nijar, inda suke yin irin nasu kunun aya. A jiƙa aya tun dare, a niƙa da dabino da citta da kanumfari, a tace da ruwa mai tsabta. Dabino ya isa, ba sai an sa sukari ba. A sha a ranar, don zafi yana tsamar da shi cikin ƴan awoyi. Dakuwa kuwa tana daɗewa: soyayyar aya da soyayyar gujiya a daka su lilis, a sa sukari kaɗan da yaji, a mulmula. Ɗan lakwal da ya tafi da curi biyu ba zai yi hamma kafin azahar ba. Kantun riɗi ma haka, in riɗi ya fi sukari yawa. Riɗi yana da mai, da furotin, da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi.

Garin ƴaƴan kuka ya ninka lemu bitamin C sau da yawa. A jiƙa shi a ruwan sanyi mai tsabta, a tace, kada a tafasa, don wuta tana kashe wannan bitamin. A dama shi da niƙaƙƙiyar gujiya, a zuba bisa dafaffen tsakin hatsi. A Senegal Kiristoci suna yin irin wannan a ƙarshen azuminsu, su raba wa maƙwabta Musulmi.

Yaro ƙarami kada a ba shi aya ko gujiya ɗungum, tana iya shaƙe shi. Zuma kuma sai ya cika shekara guda.

Abin da tsiro ba ya bayarwa

Bitamin B12 babu shi a hatsi, babu a wake, babu a zogala. Yana cikin nono, da ƙwai, da kifi, da nama. Rashin shi yana rage jini, yana taɓa jijiyoyi, yana hana ƙwaƙwalwar jariri girma yadda ya kamata, in uwa mai shayarwa ba ta da shi. Masu cin bigan a Turai ƙwayar magani suke sha don cike wannan giɓi. A ƙauye ba a da wannan ƙwaya a hannu.

Saboda haka mai ciki, da mai shayarwa, da yaro ƙarami, kada a hana su abin dabba in ya samu, kome ƙanƙantarsa. Ƙananan kifin tabkin Madarunfa, in an busar an daka har da ƙaya, cokali guda cikin miya yana da amfani. Jar akuyar Maraɗi tana ba da nono, a tafasa shi kafin a sha. Da damina ƙwan zabi yana yawa, a dafa wa yaro guda kafin a kai saura kasuwa. Zancen da ake yi cewa yaron da ya ci ƙwai zai koyi sata ba shi da tushe.

A gidan likita akwai wani ɗan zare mai launi uku da ake auna damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore lafiya lau. Rawaya, a tashi tsaye. Ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kuma ƙafafu biyu sun kumbura, wannan ya wuce aikin kunu da dambu. A kai yaron likita a ranar.