Mai Sankarar Jini a Gida: Kada Mu Manta da Zuciyarsa



A zangunanmu akwai dattawan da suka daɗe suna rayuwa da sankarar jini mai tafiyar hawainiya, irin wadda likitoci ke kira CML ko CLL. Tun da maganin imatinib ya fito a 2001, masu CML da dama sun koma haɗiyar ƙwaya kullum kamar mai hawan jini, suna zuwa kasuwa, suna aurar da 'ya'ya. Alhamdu lillahi. Sai dai hankalin gida duk yana kan sakamakon gwajin jini, ba wanda ke tambayar lafiyar zuciya.

Baba ya fara haki in ya taka zuwa masallaci. Ƙafafu sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, da dare sai an tara masa matasan kai kafin ya runtsa. Mu kuwa sai mu ce tsufa ne, ko mu ce ai ciwon nasa ne. Wani lokacin akwai gaskiya a ciki, domin ƙarancin jini na sa zuciya ta yi ta bugu da sauri har ta gaji. Wani lokacin kuma daga maganin ne. Dasatinib na iya tara ruwa a kewayen huhu. Nilotinib da ponatinib na iya toshe hanyoyin jini na zuciya, na ƙafa ko na ƙwaƙwalwa. Ibrutinib, wanda ake ba masu CLL, kan jawo hawan jini da bugun zuciya marar tsari, shi kuwa wannan yana iya kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki.

Gane matsalar ba ya buƙatar tiyata. Gwajin farko shi ne ECG: a manna wayoyi a ƙirji, cikin 'yan mintoci na'ura ta zana tafiyar bugun zuciya a takarda. Mai shan nilotinib ana yi masa kafin ya fara, a sake bayan kwana 7, sannan lokaci-lokaci. In faɗuwar gaban tana zuwa tana tafiya, ana iya ɗaura masa ƙaramar na'ura ya kwana da ita awa 24. Sai hoton zuciya da ake kira eko, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, wanda ke nuna ƙarfin zuciya da ko ruwa ya taru a kewayenta. Hoton ƙirji na nuna ruwan huhu. Ana kuma duba sukari, kitsen jini da gishirin jiki. Mata su tanadi rigar da ke buɗewa ta gaba, kuma ba laifi ba ne a nemi ma'aikaciya mace.

Abin da ya fi damunmu shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro. Mun saba, da jiki ya yi zafi sai a aiki yaro kyamis. To wasu magungunan zazzaɓin, irin su chloroquine, in suka haɗu da nilotinib suna iya rikita bugun zuciya har mutum ya yanke jiki ya faɗi. Kada a ba shi komai, har da jiƙe-jiƙen gargajiya, sai likitansa ya sani.

Haka batun azumi. Nilotinib sau biyu ake sha a rana, kuma ba a cin abinci awa 2 kafin sha da awa 1 bayansa. A zauna da likita tun cikin Sha'aban, kada a daidaita shi da sahur da buɗa-baki da ka.

Kuma kada a daina magani don tsoro. Likita na iya rage shi ko ya canza wani. Ranar ganin likita, wani ɗa ko jika ya raka Baba da duk kwalayen magungunansa a leda. Amma ciwon ƙirji, suma, karkacewar baki ko mutuwar hannu ba sa jiran wannan rana. A nemi mota a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.