Mece ce allurar kashe dafin maciji?

Da damina da kaka, labarin ƙarancin wannan allura yakan cika kafafen yaɗa labarai. Daga jinin doki ko tunkiya ake samun ta: a riƙa sa wa dabbar dafi kaɗan-kaɗan har jikinta ya samar da garkuwa, sannan a tace garkuwar. A asibiti ta jijiya ake ba da ita, ta kashe ƙarfin dafin da ke yawo a jini.

Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zubar da jini. Na kasa yana kumbura nama ya ruɓar da shi.

Manoma, makiyaya da yara masu itace ne suka fi shan sara, shi ya sa asibitin masu saran maciji na Kaltungo, Jihar Gombe, ba ya rabuwa da majinyata.

In an sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana shi tafiya, a garzaya da shi asibiti. A gida kuwa, a nome ciyawa, a toshe ramukan ɓera, a riƙe tocila da dare.