HAWAN ITACE DA SARAN RESHE: AMANAR DA KE WUYANMU

Muna so mu yi magana kan wani abu da muke ɗauka ƙarami, amma yana karya mutane, yana kuma ɓata mana suna a ƙasar Kwaddibuwa, wato sa yaro ya hau itace ya sari reshe.

Ga abin da ya jawo maganar. A wata Layya da ta wuce, a wani fili da ake ɗaure raguna kusa da mararrabar Indénié, reshen mangwaro ya sauko yana gogar rumfa. Wani ɗan uwanmu ya kira yaron da ke ɗora masa dabbobi a mota, ya ba shi adda da 'yan canji, ya ce ya hau ya rage shi. An kwana ana ruwa, itacen duk santsi. Yaron ya hau ba igiya, ya fara sara daga sama. Kafin saran ya kai rabi, reshen ya tsage da nauyinsa, ya share ƙafar yaron, suka faɗo tare. Ƙugunsa ya karye, kwanon maƙwabci ya lotse. Har yau da sanda yake tafiya. Da aka zauna, wasu suka ce ƙaddara ce. To, mun yarda da ƙaddara. Amma wanda ya ba da adda bai ba da igiya ba, yana da nasa kason na alhaki.

INA ABIN YA SHAFE MU?

Wani zai ce mu masu shanu ne, ina ruwanmu da aikin masu gyaran itatuwa? Ai ruwanmu ne, a wuri biyu. Na ɗaya a hanya. Da rani, idan garke ya biyo ta Sikasso ya shigo ta Pogo, ko ta Niangoloko zuwa Ouangolodougou da Ferkessédougou, ciyawa ta bushe, makiyayanmu kan hau madobiya da kawo da maɗaci da barandami su saro wa shanu ganye. Na biyu a gari. A filayen raguna na Adjamé, da gidajen da muke haya a Treichville, inuwar itace muke fakewa, kuma idan manyan ruwan Mayu zuwa Yuli suka zo da iska, busassun rassa kan faɗo kan dabba ko kan mutum. A wuraren nan biyu, mu ne ke cewa a hau, wani ne ke hawa.

ITACE YANA DA MAI SHI

Kafin a ɗaga adda, a tambaya: na wane ne? Itacen gidan haya na mai gida ne. Na bakin titi, sai an je ofishin magajin gari na unguwar an nemi izini. Na gona na mai gona ne, ko da ba a ga kowa a ciki ba. Dajin Banco da ke jikin Adjamé kuwa, tun 1953 gwamnati ta keɓe shi, ba wurin yankar ganye ba ne ko neman itacen girke. Ƙasar ta yi sabuwar dokar daji a 2019, kuma ma'aikatan gandun daji, waɗanda ake kira Eaux et Forêts, ba su wasa da ita.

Itatuwan nan uku da shanunmu suka fi so su ne aka fi sa wa ido. Madobiya, wadda masu Faransanci ke kira vène, an hana sare ta don katako a Kwaddibuwa tun 2013, saboda yadda aka yi ta kwasarta zuwa Sin. A 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke taƙaita cinikinsu, a 2022 kuma kawo da maɗaci suka bi ta. Dokokin nan kan katako suke, amma makiyayin da aka samu ya kayar da madobiya sukutum don ganye, da wuya ya fita da bayani, kuma mai shanu ne zai biya.

Addininmu ma ya riga doka. Malamanmu sun karantar da mu cewa Halifa Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, da zai aika runduna Sham, ya hana su sare itace mai 'ya'ya. Idan a fagen yaƙi haka ne, ina ga baƙo mai wucewa da garke?

YADDA MASU SANA'A KE YI

Na farko, sukan dubi itacen daga ƙasa. Ko yana da kogo ko gara ta ci shi? Akwai zuma, ko rina, ko jajayen tururuwan nan na mangwaro? Cizo ɗaya na iya sa mutum ya saki hannu. Ba a hawa bayan ruwa, ba a hawa cikin iska, ba a hawa da magariba.

Na biyu, waya. Idan reshe yana kusa da wayar lantarki, ba aikin yaronmu ba ne ko kaɗan. Ɗanyen reshe yana ɗaukar wuta, kuma babbar waya kan fizgi mutum tun bai taɓa ta ba. A kira kamfanin CIE a lamba 179, a jira, ko da kwana nawa ne.

Na uku, igiya biyu: ɗaya a ɗamarar mai hawa, ɗaure a kan reshe mai ƙarfi da ke sama da shi, ɗaya kuma a jikin reshen da za a sare, don a sauke shi a hankali. Igiyar ɗaurin shanu da ta sha rana da fitsari ba ta riƙe mutum. A sa hular kwano. A samu mutum a ƙasa wanda aikinsa kawai kallo da korar yara da dabbobi.

Na huɗu, yanka uku ne ga babban reshe. A fara yanka daga ƙasansa, kamar kamu ɗaya ko biyu daga gindin reshen, a shiga wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Sannan a yanka daga sama, gaba kaɗan da wancan, har ya faɗi. Yankan ƙasan ne ke hana shi tsagewa ya saɓule ɓawon itacen, abin da ya kayar da yaronmu ke nan. Daga ƙarshe a cire guntun da ya rage, amma a bar kumburin nan da ke gindin reshe, don daga nan itace ke rufe rauninsa. Zarto ya fi adda, don adda takan zame. Injin zarto kuwa, kada a ba wanda bai koya ba, balle a sama.

Na biyar, kada a yi wa itace ƙwal-kwabo. Masu sani sun ce kada a wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyensa a shekara, kuma kada a datse kansa. Dubi gawo: da rani yake ganye, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Wanda ya aske shi bana, ya cinye 'ya'yan baɗi.

A kuma san ganyen da ake zubawa a gaban dabba. Gwaska da samberu suna kashe shanu da tumaki. Furen ado da ake kira laurier-rose, wanda ake shukawa a gidajen Abijan, shi ma guba ne. Duk ganyen da makiyayi bai sani ba, kada ya kai turke.

HAKKIN MAI HAWA

Nan ne gaskiyarmu take. Mukan zaɓi yaro ne don ya fi araha, kuma ba ya iya ce wa maigida a'a. Mai sana'ar gaske zai faɗi kuɗi mai ɗan tsoka, zai kuma ce wannan ba na hawa yau. Wannan ƙin da ya yi, shi ne alamar ya san aikinsa. Mu da ke gane lafiyayyen sa tun daga nesa, bai dace mu kasa gane ma'aikaci na gari ba.

Saboda haka muna ba 'yan ƙungiya shawara huɗu. Kada a sa ƙaramin yaro hawa. A yi ciniki a gaban shaidu kafin aiki, a faɗi wanda zai ɗauki kuɗin magani da ɓarnar maƙwabci. A biya a ranar, ba sai an sayar da shanu ba. Shi kuma mai sara, hakkinsa ne ya faɗi gaskiya: kada ya ce a kayar da lafiyayyen itace don yana son itacen girki ko gawayi.

Idan tsautsayi ya auku, kada a ɗaga wanda ya faɗo a cusa shi a tasi, kada a miƙar da shi zaune, kada a ba shi ruwa. Ƙashin baya da ya tsage, ɗauka mara kyau ce ke ƙarasa shi. A kira 'yan kwana-kwana a 180. Suna da bariki a nan Indénié. Idan waya ce ta kama shi, kada kowa ya taɓa shi sai an yanke wuta.

'Yan uwa, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Tsofaffin Damagaram na ba da labarin yadda Sarki Tanimu ya sa hukunci mai tsanani kan mai sare gawo. A ƙasar Maraɗi kuma, daga 1983, manoma suka kama sassaben zamani, suna barin tohon kututture suna gyara shi, har gonaki suka sake cika da itatuwa. Abin da muka iya a gida, mu zo da shi ƙasar mutane. Hanyar nan za mu sake bi baɗi, kuma jama'ar ƙauyukan ba sa manta garken da ya bar musu kututture.

Allah Ya kiyaye mu da yaranmu, Ya sa albarka a kasuwa, amin.