Ina Tsarin Takarda Ke Tafiya In An Mayar Da Ita Zallar Rubutu?

Duk akawun da ya yi aiki da tafireta ya san cewa abin da yatsunsa suka buga shi ne ke fitowa a takarda. In yana son sakin layi ya ɗan shiga ciki, sai ya danna gurbi sau biyar, kuma kowane harafi faɗinsa ɗaya da na ɗan'uwansa. Da manhajojin rubutu suka zo, irin su Microsoft Word wadda ta fito a 1983, sai al'amarin ya sauya ba tare da yawancin masu buga takardu sun ankara ba.

Giɓin nan da mai karatu ke gani a farkon sakin layi cikin Word, sau da yawa ba harafi ba ne. Umarni ne ɓoyayye wanda ke gaya wa kwamfuta ta ja layin ciki da rabin inci. Shi kuwa fayil na zallar rubutu, watau mai ƙarewa da .txt, bai san umarni ba. Haruffa da lambobi da alamomi kaɗai yake riƙewa. Saboda haka da zarar an juya takardar, sai layuka duka su koma su manne a gefen hagu.

Ga wasiƙar zumunci wannan ba wata hasara ba ce. Amma a dubi takardar yarjejeniya, inda ƙaramin sashe ke zaune ƙarƙashin babba. In tsarin ya rushe, sharaɗin da ya shafi sashe ɗaya sai ya yi kama da wanda ya hau kan kowa, kuma daga irin wannan ne gardama ke tashi. Haka jadawalin albashi, sai a rasa wane adadi ne na wa. Rubutacciyar waƙa ma ba ta tsira ba, domin amshi yakan cakuɗe da baiti.

Maganin tsohon akawu ya fi kowane: a sa gurbi na ainihi. Dogara ga maɓallin Tab ganganci ne, don wata manhajar na ƙirga shi gurbi 8, wata kuwa 4. Sa'an nan a duba aikin da haruffa masu faɗi ɗaya, kamar Courier, kada kuma layi ya wuce harafi 80, iyakar da aka gada daga katin IBM na 1928. Mai takardu da yawa yana iya neman Pandoc, wadda kan sake jera sassa da jadawali da gurbi.

Saura haruffanmu masu lanƙwasa. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Wajibi ne a zaɓi UTF-8 lokacin ajiye fayil, in ba haka ba alamar tambaya ce za ta maye gurbinsu, ko kuwa baƙi su wayi gari sun zama baki.