Sunanka Bai Fito Ba? Dakata Kafin Ka Sayar da Gona

Duk lokacin da aka buɗe shafin ɗaukar 'yan sanda, ko kwastan, ko malaman makaranta, shagunan intanet na Birnin Kudu da Gwaram a Jigawa cika suke yi maƙil. Matasa daga Basirka da ƙauyukan kewaye su hau mota su zo, a biya kuɗin cike fom, a ɗauki hoto, a buga takardu. Bayan watanni sunaye su fito, akasari ba su ga nasu ba. Daga nan zancen majalisa ɗaya ne: wanda ba shi da uwa a gindin murhu ba ya samu.

Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, son kai da alfarma suna nan. Amma a tuna da yawan masu nema. A watan Maris na 2014, mutane fiye da rabin miliyan suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba a hukumar shige da fice, kowa ya biya naira 1,000, har aka rasa rayuka a turmutsitsin filayen wasa na Abuja da Fatakwal da wasu garuruwan. A irin wannan lissafi, ko da an yi adalci tsantsa, fiye da mutum 99 cikin 100 gida za su koma hannu rabbana. Rashin fitowar suna ba shaida ba ce cewa kai ba kowa ba ne.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa tun kafin idon wani jami'i ya kai kan takardunsu na'ura ta riga ta watsar da su. Ranar haihuwar da ke kan lambar NIN daban, ta takardar WAEC ko NECO daban. A nan an rubuta Muhammad, a can Mohammed, a wata kuma sunan gari ya maye gurbin sunan uba. Aikin kurtun ɗan sanda yana buƙatar kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, ga iyakar shekaru da ta tsawo. Mai neman koyarwa ana tambayarsa rajistar hukumar malamai ta TRCN. Wani kuma mai shago ne ya cike masa fom, ya sa lambar waya da imel ɗin da ba nasa ba, aka aiko da gayyatar tantancewa bai ma sani ba. Sai jarrabawa a kwamfuta: yaro mai ƙwaƙwalwa, amma rabonsa da taɓa kwamfuta tun ranar JAMB, lokaci ya ƙare yana lalube. Yawancin waɗannan ana gyara su. Ka baje takardunka a tabarma, ka gwada suna da suna, rana da rana. Inda suka saɓa, a nemi gyara a ofishin NIMC mai ba da NIN ko takardar rantsuwa a kotu tun yanzu, ba sai an sake buɗe shafi ba.

Babban hatsarin yana zuwa ne a makonnin da zuciya take zafi. A lokacin ne wani zai kira, ko ya turo saƙo ta WhatsApp, ya ce yana da ƙafa a Abuja ko Dutse, akwai ragowar gurbi, a turo kuɗi kafin Juma'a. Uba ya jinginar da gona, uwa ta sayar da saniya ko awakinta, a kawo takardar kama aiki mai hatimi da sa hannu, ranar kai ta ofis a ce jabu ce. A yau hukumomin gwamnati suna ta nanata cewa neman aiki kyauta ne. Kuma mai sayen gurbin ma ya taka doka, shi ya sa waɗanda aka damfara suke haɗiye abin su yi shiru, ɗan damfarar ya wuce gida na gaba. Duk wanda ya ba ka lambar asusun wani mutum ya ce ta hukuma ce, ka kashe wayarka.

Iyaye kuma a sassauta harshe. "Ga ɗan wane ya samu, kai kana nan" ba ta taɓa samar wa kowa aiki ba, sai dai ta kori yaro daga gida zuwa wurin masu ƙwaya.

Tsakanin wannan ɗauka da mai zuwa akwai watanni, wani lokaci shekara. Masu tantancewa sukan tambaya, "Me kake yi tun da ka gama makaranta?" Wanda ya ce yana koyarwa a Islamiyya ko firamaren unguwa, ko yana taimakawa a asibitin sha-ka-tafi, ko yana riƙe da shagon POS, ya fi wanda ya ce jira yake yi. Noman riɗi da zoɓo, waɗanda Jigawa ta yi suna a kansu har ƙasashen waje, ba abin kunya ba ne ga mai digiri daga Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Idan kuma ka kai matakin ganawa aka ƙi ɗaukarka, ka rubuta tambayoyin da suka kayar da kai tun a mota kafin ka iso Basirka, ka kai wa wani tsohon ma'aikaci a garinku ya nuna maka yadda ake amsa su.