Ƙafar Ɗan Talla a Zangon Kwatano

Shirinmu na yau daga Zangon Kwatano yake zuwa muku, a Jamhuriyar Benin, kuma zancen ƙafa za mu yi.

In ka tsaya ƙofar babban masallacin Zango lokacin azahar, ka dubi takalman da aka tuɓe. Za ka ga wasu sun yi tozo ta gefen ciki, daidai gindin babban yatsa, fatar wajen ta miƙe har ta fara tsagewa. Mai irin wannan takalmi yana da ƙullutu a ƙafarsa. Ƙashin da ke bayan babban yatsa ne ya karkata waje, yatsan kuma ya kwanta kan ɗan'uwansa, sai gaɓar ta turo. Wani bincike da aka fitar daga Ostireliya a 2010 ya nuna kusan kashi 23 cikin ɗari na manya 'yan shekara 18 zuwa 65 suna da shi, kuma ya fi yawa ga mata. Galibi gado ne, takalmi matsattse kuma yana ƙara shi.

To, ina ruwan tafiya? Ita ba ta haifar da shi, amma tana tayar da ciwonsa. Duk takun da mutum ya yi, babban yatsa ne ke tura jiki gaba. In ya karkace, sai nauyi ya koma kan ƙananan yatsu, kanta ta fito ƙarƙashin yatsa na biyu, tafin ƙafa ya riƙa zafi kamar an taka garwashi. Takalmi kuma yana ta gogar ƙullutun, ya yi ja, ya kumbura. Mutum ya fara ɗingishi ba tare da ya sani ba, gwiwa da ƙugu su ɗauki nasu rabon.

Ku duba su wa ke yin wannan tafiya. Mai agogo da tabarau a allo, mai wankin takalmi da akwatinsa, mai yankan farce yana kaɗa almakashi, baiwar Allah da tiren goro a ka. Daga Zango su nufi Dantokpa, su gangaro Ganhi, su kewayo Jonquet, wani wuri yashi, wani wuri dutsen da aka shimfiɗa a titi. In ka ce su hau zemijan, wato acaɓa, ai ribar ta tafi, kuma ciniki a ƙasa ake yin sa. Tun 2017 da hukuma ta kwashe masu tebur daga bakin manyan titunan Kwatano, zama wuri guda ya ƙara wuya.

Abin da ya fi damuna shi ne takalmin gwanjo. Yana da araha, yana da ƙarko, amma ƙafar wani ya riga ya saba da ita, sau da yawa kuma bakinsa tsukakke ne. Malam, in za ka saya, je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka zaɓi mai faɗin baki da tafi mai kauri. In yana matsar ƙullutun, kai wa baduku ya buɗa wajen. Silifa ba ta goga, amma ba ta tallafar tafin ƙafa a doguwar tafiya. Hajiya, takalmi mai tsini a bar shi sai ranar biki.

Wasu ma a sallah suke jin ciwon ƙullutun, wajen kafa yatsun ƙafar dama a zaman tahiya.

Batun magani kuwa, tsaga da ƙaho ba sa mayar da ƙashin, maɗori ma ba aikinsa ba ne, domin ba karaya ba ce. Tiyata kaɗai ke daidaita shi, a manyan asibitoci irin CNHU Hubert Maga, sai dai jinyar tana cin makonni, ga ɗan talla kuwa kowace rana da tuwonta. Shi ya sa likitoci ke farawa da sauya takalmi, sa auduga ko roba mai laushi tsakanin yatsu, da ɗaga ƙafa in an dawo gida.

Mai ciwon suga kuma, don Allah kada ka bari a kankare maka kanta da reza a bakin titi. Wanda gaɓar ta kumbure masa dare ɗaya, da zafin da ko zane ba ya so ya taɓa, wannan wata cuta ce daban, ya garzaya asibiti.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.