Awon Saurin Amsar Manhajar Intanet da Ma'aikata Ke Girkawa a Na'urarta

1.0 Gabatarwa

Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, neman ilimi mai zurfi ya rataya a kan intanet. Ɗalibin Uba mai neman gurbi a Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi, wadda aka kafa a 2002, yana iya rasa damarsa idan shafin rajista ya yi nawa har wa'adi ya cika. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gano tushen irin wannan jinkiri a manhajar da makaranta ke gudanarwa a na'urarta, kamar Moodle.

2.0 Zangunan Buƙata

Kowace buƙata tana ratsa zanguna uku: hanyar sadarwa, aikin manhajar, da kuma rumbun bayanai. Awo shi ne ƙididdige lokacin da kowane zango ya ci. Alal misali, saƙon da ya bi ta tauraron ɗan'adam mai nisan kilomita 35,786 yakan ɗauki kimanin rabin daƙiƙa kafin amsa ta dawo. Wannan jinkirin hanya ne, sabuwar na'ura ba ta maganinsa.

3.0 Gano Wurin Cikas

A binciken da Donald Knuth ya wallafa a 1971, ya gano cewa ƙasa da kashi 4 cikin 100 na umarnin manhaja ne yakan cinye fiye da rabin lokacin aikinta. Saboda haka ake amfani da ma'auni irin su XHProf, wanda Facebook ya fitar a 2009, domin jera ayyukan manhaja gwargwadon lokacin da suka ci. Sau da yawa akan tarar shafin da ke nuna sunayen ɗalibai 200 yana tuntuɓar rumbun bayanai sau 200, alhali tambaya ɗaya ta wadatar. Ya kamata kuma a yi awon a ranakun cunkoso, domin a lokacin ne rauni ke bayyana.

4.0 Kammalawa

Jakob Nielsen ya nuna a 1993 cewa jiran da ya wuce daƙiƙa 10 yakan kawar da hankalin mai amfani da kwamfuta. Daga abin da ya gabata, ya wajaba hukumomin makarantu su fara da awo kafin su kashe kuɗi wajen sayen na'ura, domin gyara layi kaɗan na umarni yakan wadatar.